Farashin bara a shafin bana: wa ke kula da rubutun shago a intanet?

Duk wanda ya saba neman kaya ta intanet a Kano ko Kaduna ya san irin wannan shafin. Sunan shago da manyan haruffa, hoton mai shi cikin babbar riga, a ƙasa kuma lambar waya da ta fara da 064, lambar tarhon Kano tun zamanin NITEL. In ka gangara inda aka ce a tura kuɗi, sai ka tarar da asusun Diamond Bank, bankin da ya narke cikin Access Bank tun 2019. A gefe ga sanarwar rangwamen Sallah, ba a ce ƙarama ko babba ba, balle a faɗi shekara. Shagon kuwa yana nan da ransa, yara na ta ɗaurin kaya, ciniki na tafiya. Shafin ne aka bari yadda yake tun ranar da aka biya wanda ya haɗa shi cikon kuɗinsa.

Galibin ƙananan 'yan kasuwarmu da suka yi shafi, sun yi ne don wani ya ce musu zamani ya zo da shi. Aka nemo matashin da ya iya kwamfuta, ɗan maƙwabci ko ƙanen amarya, aka yi ciniki. Ya nemi hotuna da ɗan bayani a kan kamfani, aka ce ya rubuta duk abin da ya ga ya dace. Ya rubuta, aka duba a waya, aka ce ma sha Allah, aka buga adireshin a jikin kati da leda. Daga nan ba wanda ya sake waiwayarsa. Alhali abin da ke cikin shafin magana ce, kuma da sunan mai shago ake yin ta. Kamar yaron shago ne da aka gaya wa farashi sau ɗaya aka manta da shi a bakin ƙofa: duk wanda ya zo, tsakar dare ko da asuba, abin da aka faɗa masa ranar farko shi yake maimaitawa. Bai san an tashi daga layin ba, bai san kayan sun ƙare ba.

Haɗa shafi ya daina zama abin wahala. Manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003, ita ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya, kuma wanda ya iya rubuta saƙo a WhatsApp zai iya koyon sauya jimla a cikinta a zama ɗaya. Inda gizo ke saƙar shi ne sanin abin da za a rubuta, da kuma tuna cewa an rubuta.

Kaya sun tashi

Babu abin da ya tona asirin shafukan da aka yi watsi da su kamar shekarun 2023 da 2024. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. A watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki Naira, dalar Amurka da take wajen N460 a farashin gwamnati ta haura N1,500 zuwa Fabrairun 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A Kantin Kwari da kasuwar Singa an ga ranakun da farashin safe daban, na yamma daban. Shafin da aka rubuta farashinsa a 2022 sai ya koma tarkon rigima. Mai saye ya turo hoton shafin ta WhatsApp ya ce ga abin da kuka rubuta. Yaron shago ya ce ai wannan tsohon farashi ne, kaya sun tashi. Mai saye ya ce to me ya sa ba ku cire ba? Wannan tambayar ba ta da amsa mai daɗi.

Da yawa sun ga mafita ita ce a share farashin gaba ɗaya, a rubuta a tuntuɓe mu. Ana fahimtar dalilinsu. Kasuwarmu ta taya da albarka ce, ɗan kasuwa ba ya son maƙwabcinsa ya ga inda yake sallamawa, kuma ba ya son ya ɗaure kansa. Sai dai wanda yake kasuwa yana taya kaya ne bayan ya taɓa su, ya ga fuskar mai su. Wanda ke riƙe da waya a Gombe ko Minna cinikin biri a sama ake nema ya yi, ga shi kuma an ɓoye masa ko nawa ne birin. Wasu za su daure su tambaya. Mafi yawa komawa baya suke yi su buɗe shafi na gaba, wasu ma da zargin cewa sai an duba hoton da ke kan lambarsu kafin a yanka musu farashi.

A ganina hanyar da ta fi ita ce mafi sauƙi: a rubuta farashi, a rubuta ranar da aka sa shi kusa da shi. In kayan irin waɗanda ke bin dala ne, a faɗa a fili cewa farashin na wannan makon ne. Sannan kada a warwatsa lambobi ko'ina, ɗaya a shafin farko, ɗaya a ƙarƙashin hoto, ɗaya a cikin dogon bayani, wani kuma an manna shi a jikin hoton kansa yadda ba ya gyaruwa sai an sake hoton. Farashin kowane kaya ya zauna wuri guda, domin ranar gyara hannu ya kai gare shi sau ɗaya.

Akwai kuma doka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta a nuna farashin kayan da aka baje don sayarwa, ta kuma hana a karɓi fiye da abin da aka nuna. A Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci saboda farashin da ke kan kanta ya saɓa da wanda ake karɓa a wurin biya. Ba kowane mai shagon takalma a Ƙofar Wambai hukuma za ta bi ba, gaskiya ne. Amma abin da ya sa aka rufe kantin shi ne dai abin da tsohon shafi ke aikatawa kullum.

Lamba, asusu da kwatance

Bayan farashi, abubuwa ukun da suka fi saurin lalacewa su ne waɗanda mai shago ya fi ɗauka ba sa canzawa. Lambar waya ita ce ta farko. A 2024 kamfanonin waya sun toshe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba bisa umarnin hukumar NCC, kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani. Ke nan lambar da ke shafinka tana iya kasancewa a hannun baƙo. In mutumin kirki ne ya ce ba nan ba ne. In ba na kirki ba ne ya ce turo kuɗin. Haka nan sau da yawa lambar da aka sa ta yaron shago ce, ya yi shekara biyu da buɗe nasa shagon, kuma duk wanda ya kira ta shafin maigidansa shi yake sayar wa.

Asusun banki ma haka. Skye Bank ya zama Polaris a 2018, Babban Banki ya soke lasisin Heritage Bank ranar 3 ga Yunin 2024, kuma 'yan kasuwa da yawa sun koma karɓar kuɗi ta Moniepoint da OPay tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023. Abin da ke kwantar wa mai saye hankali shi ne ya sa lambar asusu ya ga sunan da ya fito ya yi daidai da sunan shagon. In shafin ya ce kamfanin kaza, alhali sunan wani mutum daban ke fitowa, sai an rubuta dalili a wurin, ko kuma a je a yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC a buɗe asusu da shi. Lambar rajistar ma wurinta ƙasan shafi ne, don mai shakka ya bincika da kansa.

Adireshi kuwa, mu mutanen kwatance ne. Lambar gida ba ta kai mutum ko'ina; abin da ke kai shi shi ne bayan gidan mai, layin da ke kallon masallaci, bene na biyu hannun dama. Wannan shi ya kamata a rubuta, ba a kwaikwayi adireshin Ingila ba. Amma kwatance ma yana tsufa. A Yunin 2023 gwamnatin Kano ta rushe shagunan da aka gina a filin Idi. A Fabrairun 2024 aka tilasta wa dillalan magunguna na Sabon Gari komawa sabuwar cibiyarsu ta Ɗangwauro a kan titin Zariya. Duk wanda irin wannan tashin ya shafa ya san wahalar kwashe kaya da neman sabon wuri, kuma a cikin wannan hidimar shafin intanet ne abu na ƙarshe da zai faɗo masa a rai. Mai saye daga Haɗeja kuwa shi ne abu na farko da zai duba kafin ya shiga mota.

Maganar da ke bakin Hajiya

A ce ga wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi daga gida. Shafin da aka yi mata da Turanci yake, kuma in an mayar da jimlarsa ta farko Hausa ga abin da take cewa: mu ne kan gaba wajen samar da ingantattun tufafi masu darajar duniya domin gamsar da abokan hulɗarmu. Wannan jimlar za ta zauna daram a shafin mai takalmi, da mai labule, da mai kayan gado. Ba ta gaya wa kowa komai ba.

Yanzu a saurari Hajiyar a waya da mai saye. Hajiyata, wannan auduga ce zalla, ba ta zuba, ni ma ina da irinta. Yadi shida ne cif. A'a, ba ja ba ce, ruwan goro ce, waya ce ke nuna ta haka. Saura huɗu suka rage. In kina cikin gari yau za a kawo miki, in Abuja ne sai gobe mu kai tasha. 'Yarta da ke gefe tana riƙe da waya sai ta ce, Umma, ai abin da kika faɗa yanzu shi za mu sa a shafin. Abin da za su rubuta ke nan: Atamfar auduga, turmi ɗaya yadi 6. Ba ta zuba. Launin ƙasanta ruwan goro ne, a wasu wayoyin yakan fito kamar ja. Cikin Kano ana kai wa gida a ranar. Sauran garuruwa ta mota, kuɗin mota na mai saye ne. In an yanka ba a dawowa da ita.

Babu kalma ɗaya ta ado a ciki, amma ta amsa tambayoyin da Hajiya ke amsawa kullum har muryarta ta dushe. Wannan shi ya sa nake ganin kuskure ne a bar wa mai haɗa shafi rubutun. Shi ya san inda maɓalli ke zama, bai san abin da mata ke tambaya kafin su sayi leshi ba. Ilimin yana wurin wanda ke tsaye a shago. Hanya mafi arha ta samo rubutu mai kyau ita ce a ajiye ɗan littafi kusa da na bashi, duk tambayar da aka yi sau uku a rubuta ta. Bayan wata guda, littafin ya gaya maka abin da shafinka ya rasa.

Ma'auni na cikin abin da ake yawan tsallakewa. Mai sayar da gero ko wake ko zoɓo daga Dawanau ya rubuta farashin kwano, ya manta kwanon Kano ba shi ne mudun Kaduna ba, kuma buhu ma suna ya tara. A sa kilo kusa da shi, rigima ta ragu. Mai ɗinki ya faɗi kwana nawa yake ɗauka, ya kuma faɗi ranar da yake rufe karɓar ɗinkin Sallah, tunda kowa ya san abin da ke faruwa tsakanin tela da masu kaya a daren Sallah.

Gajartawa kuma dole ce. Tun a 1997 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya nuna kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka gwada bin shafi suke yi da ido sama-sama, kashi 16 ne kawai ke karantawa kalma bayan kalma. A kan allon kwamfuta ke nan. Namu masu sayen a ƙaramar waya suke karatu, a cikin adaidaita sahu, da datar da aka ƙara wa kuɗi bayan NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Shi kansa Google ya gama komawa auna shafuka da yadda suke fitowa a waya tun 2023. Don haka tarihin yadda kakan Alhaji ya fara fatauci da jakuna, wanda labari ne mai daɗi kuma yana da wurinsa, kada ya tare ƙofa. Abin da ake sayarwa, nawa ne, ina ne, yaya ake biya: waɗannan su fara bayyana kafin yatsa ya ja allo.

Da wane harshe?

Nan ne ake yawan yin abin kunya don gudun abin kunya. Mai shago yana ganin Turanci ne ke nuna kamfani ya girma, sai a cika shafi da Turancin da shi kansa ba zai iya gyarawa ba. Tambayar da ya kamata a yi ita ce wa ke saye. Mai kilishi da ke aikawa Legas da Fatakwal yana buƙatar Turanci mai sauƙi. Mai turaren wuta da humra wadda kusan duk masu sayenta Hausa suke yi mata a waya, ba ta da dalilin ɓoye kayanta a bayan wani harshe. Wanda kuma ke da masu saye a Maraɗi, Damagaram, Garwa ko Injamena, Hausa ta fi Turanci kai shi nesa, sai dai ya kula da abu biyu: ya rubuta lambar wayarsa da +234 a gaba, ya kuma rubuta kuɗi da lambobi da alamar Naira ko sefa, domin a bakin mutumin Nijar dala sefa biyar ce.

In an zaɓi harshe biyu, an ninka aikin gyara. Abin da ya fi faruwa shi ne a gyara farashi a ɓangaren Turanci a manta da na Hausa, shafi ɗaya ya riƙa faɗin magana biyu. Wanda ba shi da mai kula da biyun, gara ya tsaya a ɗaya.

Fassarar na'ura ta ƙara sauƙaƙa abin, ta kuma ƙara ɓata shi. Google Translate ya sa Hausa a jerin harsunansa a 2013, kuma tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022 matasa da yawa ke sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta musu bayanin kaya. Tana taimakawa wajen tsara magana. Amma ba ta taɓa atamfar ba, ba ta san saura nawa ba, kuma in ba ta sani ba takan cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya: garanti na shekara guda, kai kaya kyauta ko'ina a Najeriya, karɓar kaya in an dawo da su cikin kwana 30. Mai shago bai taɓa yin wannan alƙawarin ba, amma ga shi a rubuce da sunansa. Duk abin da na'ura ta rubuta sai an karanta wa mai kayan da baki, layi-layi, ya ce e ko a'a.

Wanda ya zaɓi Hausa kuma ya rubuta ta da mutunci. Tun zamanin da Abubakar Imam ke editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, Hausar boko take da ƙa'idar rubutu, kuma mai karatu yana gane shafin da aka kula da shi ko da bai san sunan ƙa'idar ba. A raba za mu, a raba ba mu da, kada a kwaso gajerun rubutun hira a zuba a shafin kamfani. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna nan a allon rubutu na Gboard in an zaɓi Hausa. Matsalarsu ɗaya: wasu salon haruffan da masu haɗa shafi ke so don kyau ba su da su, sai ƙaramin akwati ya fito a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wata siffa dabam da 'yan'uwansa. A gwada a waya biyu ko uku kafin a amince. A adireshin shafin kuwa gara a bar ƙugiya, tunda yawancin masu nema ba sa sa ta.

Abin da bai kamata a rubuta ba

Masu maganin gargajiya da kayan mata da man shafawa su suka fi kowa faɗawa wannan ramin. Garin magani ɗaya a ce yana warkar da ciwon suga, hawan jini, basir, sanyi da rashin haihuwa. Abin da mai lasifika ke faɗa a bakin tasha iska ke tafiya da shi, amma na shafi yana nan a rubuce, kowa na iya ɗaukar hotonsa. NAFDAC ce ke da hurumin rajistar abinci da magunguna da kayan kwalliya da kuma amincewa da tallansu, sannan dokar 2022 da ta mayar da hukumar kula da tallace-tallace ta APCON zuwa ARCON ta shafi tallan da ake yi a intanet. Wanda ke da lambar NAFDAC ya rubuta ta daidai. Wanda ba shi da ita kada ya ari ta wani.

Ko ba don hukuma ba, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami aka biya masa babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya ji an hana algus da ɓoye aibin kaya. Hoton da aka ɗauko daga shafin wani kamfanin Dubai aka sa a matsayin kayan da ke shago, da wayar da aka taɓa buɗewa aka rubuta sabuwa dal, da na ɗaya a Afirka da ba wanda ya auna, duk mai shago ya san sunansu a fiƙihu. Abin mamaki shi ne mutumin da ba zai taɓa faɗin haka da bakinsa ga mai saye ba, sai ya bar shi a shafinsa don ba shi ya rubuta ba.

Wani sabon abu kuma shi ne shaidar masu saye. Ana ɗaukar hoton hirar WhatsApp inda wata ta yaba kaya, a manna a shafi da sunanta da lambarta da hotonta, har wani lokacin da takardar shaidar tura kuɗi. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa irin wannan ya zama abin da za a iya kai ƙara a kansa, kuma tun kafin doka, matar aure da ta ga lambarta a shafin mai kayan mata ba za ta sake sayen komai a wurin ba. A nemi izini, a rufe lamba.

Wa zai riƙe alƙalamin?

Wani zai ce to me ya sa za a wahala da shafi, ga Instagram da Facebook da TikTok, ga WhatsApp Business da ya fito a 2018, wanda yanzu har wurin jera kaya gare shi? Tambaya ce mai kyau, kuma ga mai sana'ar da duk cinikinta a unguwa yake, wataƙila ba ta buƙatar shafi ko kaɗan. Amma waɗannan dandamalin na wasu ne. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen awa shida a duk duniya. A Maris ɗin 2024 Google ya rufe ƙananan shafukan kyauta da ya bai wa masu kasuwanci. Shafin da kai ka yi rajistarsa shi ne wanda ba a wayi gari an rufe maka don wani ya kai ƙorafi ba. Sai dai kowane sabon wuri da ka buɗe, ka ƙara wurin da bayaninka zai iya tsufa. Lokutan buɗewa da ke taswirar Google, da na shafi, da na WhatsApp, dole su zama magana ɗaya. Dabarar ita ce a ajiye takarda guda mai ɗauke da ainihin bayanan, da jerin duk wuraren da aka kwafa su, don ranar da abu ya canza a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Aikin ba ya buƙatar ma'aikaci na musamman, yana buƙatar mutum ɗaya da aka ce aikinsa ne. In aka ce kowa zai duba, ba wanda zai duba. Wanda ke riƙe da wayar shago shi ya fi dacewa. Farashi da abin da ya ƙare, duk mako. Sauran kuwa sau ɗaya a wata ya isa, kuma safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata da ake zaman tsaftar muhalli a Kano ta yi daidai da wannan. Ya buɗe shafin a waya kamar baƙo, ya karanta da ƙarfi, ya kira lambar da ke ciki ya ji wa zai ɗauka, ya danna maɓallin WhatsApp ya ga ina zai kai shi, ya aika saƙo ta akwatin tuntuɓa ya ga ko yana isowa. A irin wannan zagayen ne ake gano rubutun Latin na cike gurbi da mai haɗa shafi ya manta bai cire ba, da hotunan Turawa masu murmushi da aka ce su ne ma'aikatanmu, da kalmomi irin su sabo, bana, kwanan nan da mako mai zuwa, waɗanda ke ruɓewa da kansu. Duk inda aka gan su a musanya su da kwanan wata.

Kalandarmu ma sai an sa mata ido. Azumi yana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, kuma da shi lokutan buɗe shago ke juyewa. Ranar Juma'a ana rufewa a tafi masallaci, wanda baƙo daga kudu ba lallai ya sani ba. Duk sanarwar rangwame a rubuta mata ranar ƙarewa tun ranar da aka sa ta, a kuma sa ƙararrawa a waya don a cire ta.

Sai maganar da ta fi kowace jawo kuka, wato makulli. Adireshin shafi haya ce ta shekara-shekara, haka ma ma'ajiyar da shafin ke zaune a ciki. Adiresoshi masu ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, kuma ana biyan su da Naira ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Takardar tsaron shafi ma tana ƙarewa. Ta kyauta da Let's Encrypt ya saba bayarwa kwana 90 take yi, kuma tun Yulin 2018 manhajar Chrome ke rubuta gargaɗin rashin tsaro kusa da adireshin da ba shi da ita. Duk saƙonnin tunatarwa kan waɗannan abubuwa suna zuwa ne imel ɗin da aka yi rajista da shi. A mafi yawan ƙananan shaguna imel ɗin na matashin da ya haɗa shafin ne. Ya tafi bautar ƙasa, ko ya sami aiki a Abuja, ko an ɓata a kan cikon kuɗi. Alhaji yana son a canza lamba ɗaya, sai an yi mako ana kira ana cewa don Allah ka taimaka.

Tun ranar ciniki ya kamata a gama wannan: rajistar adireshi da sunan mai shago da imel ɗinsa, kalmar sirri a rubuce a inda ake ajiye takardun shago, a koya wa mutum ɗaya na gida yadda ake gyara rubutu, a kuma ajiye kwafin duk abin da ke shafin a wani wuri dabam. Wanda ya riga ya yi shafi ba tare da haka ba, ya nemi matashin tun ana shiri da juna a mayar da komai hannunsa. In adireshi mai ƙarewa da .com ya wuce wa'adinsa, akwai ɗan lokacin sabuntawa, sannan kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, daga nan a sake shi ga duk wanda ya riga biya. Akwai masu sana'ar jiran irin waɗannan adireshin, kuma cikin abin da suke zubawa a ciki har da tallan caca.